Saƙon da Na Juya wa Baba

Gidanmu yana Sabon Garin Wudil, a wani lungu da in ruwa ya sauka sai mace ta tattare zani kafin ta wuce. Mu Hausawa ne Kirista. Kakana na wajen uba Bamaguje ne daga wani ƙauye can gaba da Kausani, shi ya fara karɓar baftisma a danginmu, don haka da Hausa na tashi ina jin wa'azi, da Hausa nake waƙar sujada. Majami'armu ƙarama ce, rufin kwano, kowa ya san kowa, kowa kuma ya san abin da ke cikin tukunyar kowa.

Baba direban babbar mota ne. Ranar Juma'a ake loda masa shanu a kara, kasuwar dabbobi, ya nufi kudu, sai bayan kwana biyar ko shida mu gan shi. Mama kuwa suyar kifi take yi. Masunta su kawo mata da sassafe, ta gyara, ta soya a tsakar gida, sannan ta ɗora faranti a ka ta tafi bakin titi wajen gada, inda motoci ke rage gudu. Ni kaɗai ce 'yarsu da ta rayu. Biyu da suka biyo ni sun koma tun suna goye.

Ina shekara tara abin ya faru. Ranar Alhamis ce, na dawo daga makaranta ko riga ban canza ba. Baba ya shigo yana warin giya, ya ce a kai masa ruwan wanka. Mama ta kai. Ya tsoma hannu, ya fito ya ce ruwan ya huce. Ta ce ya yi haƙuri ta kwashe wannan kaskon, sai ta ɗora masa wani. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Tana tsugune gaban murhu, shi yana tsaye. Ya sa ƙafa ya shuri kaskon.

Man ya kwarara a hannunta na dama, tun daga kafaɗa har yatsu, ya taɓa gefen wuya. Ta buɗe baki, murya ba ta fito ba. Ta miƙe tana riƙe da hannun nesa da jikinta kamar ba nata ba. Ni ce na yi ihun. Hajiya maƙwabciyarmu, wadda katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta faɗo gidan ko mayafi babu, ita ta nemo mota aka kai Mama asibiti. Amma abin da ya fi zauna mini a ido Baba ne. Ɗigon mai ya sauka a kan takalminsa. Ya sunkuya, ya ɗauki tsumman da Mama ke kama kasko da shi, ya goge takalmin tsaf, ya yar da tsumman, ya fita. Washegari aka loda masa shanu. Bai dawo ba.

Wata huɗu hannun yana ruwa. Da ya warke, yatsu uku suka naɗe suka manne da tafin hannu, fatar ta zama kamar ledar da ta ji wuta. Mama ta koyi juya kifi da hagu. Duk wanda za ta miƙa wa ƙunshin kifi sai ta ce, “Yi haƙuri, da hagu na ba ka.” Shekara da shekaru ina jin ta tana ba mutane haƙuri a kan abin da wani ya yi mata. Ko a tsakiyar bazara riga mai dogon hannu take sawa.

Kullum da safe mukan durƙusa mu yi addu'a kafin masunta su iso. Ba ta taɓa tsallake shi ba. “Ubangiji, ka kiyaye shi a kan hanya, ka juyo da zuciyarsa.” In ta zo nan sai in rufe bakina. Ta lura. Wata rana ta mintsine ni da hannun mai lafiya ta ce, “Ki ce amin.” Na ce ba zan ce ba. Ta ce, “To ni zan faɗa miki naki,” ta faɗa sau biyu.

Mun ji labarin ya ajiye mace a kudu, daga baya labarin ma ya ɗauke. Na girma, na yi karatun koyarwa, aka ba ni aji a wata firamare ta wajen Indabo. Na auri wani ɗan majami'armu, mutum mai shiru, mai gyaran injin ban ruwa. Muka zauna layi biyu daga gidan Mama, muka haifi 'ya'ya mata biyu.

Shekara ashirin da ɗaya bayan tafiyarsa, wasu fataken shanu suka kawo Baba. Ranar Asabar ce, ina gidan ina taya Mama fiɗar kifi. Suka yi sallama, suka ce ga wani bawan Allah an ce nan ne gidansa. Na leƙa. Yana kwance a kan tabarma a ƙofar gida, da wata tsohuwar jaka a gefensa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, gashi ya yi fari. Matar kudu ta gaji da shi, ta sa an ɗora shi a motar da ta sauke shanu.

Na juyo na ce wa Mama, “Shi ne. Kada ki fita.”

Ta wanke hannu, ta fita. Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuma yana kallon hannunta. Sannan ta ce wa mutanen, “Ku shigo da shi, rana na dukansa.”

Bayan mako uku ya ce a kai shi majami'a. Samari biyu suka ɗauke shi a kujera suka ajiye gaban ikilisiya. Maganarsa tana fita da ƙyar, amma ana ganewa. Bai ɓoye komai ba. Ya faɗi giya, ya faɗi mata, ya faɗi kaskon. Ya ce da yana kwance a can babu mai ba shi ruwa, ya ga kansa yadda yake, ya yi kuka ga Allah. Miyau yana zuba ta gefen bakin da ya karkace, hawaye na bin sa.

Fastonmu tsoho ne, shi ya yi mini baftisma, shi ya ɗaura mini aure. Ya dafa kafaɗar Baba ya ce, “Ikilisiya, kun ji da kunnenku. Abin da mutumin nan ya sauke yau, Almasihu ya riga ya ɗauka a kan gicciye. Wanda Allah ya wanke, kada wani ya sake shafa masa laka.” Zumuntar mata suka ɗauki waƙa, ana buga tulu, wata ta rangaɗa guɗa. Na ga matan da suka taɓa riƙe Mama tana suma lokacin wankin ciwo, su ne suke rawa. Mama tana zaune tana share ido da bakin ɗankwali. Dattawan ikilisiya suka sa masa horo na wata uku: zai zauna a bencin baya, ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasar da ake rabawa a sujada, sai wa'adin ya cika. Wata uku. Hannun Mama ya fi haka kafin ya daina ruwa.

Da aka tashi na tsaya na jira Fasto.

“Baba Fasto, shi ke nan?”

“Me kike so a ƙara, 'yata?”

“Mutum ya ƙona mace, ya tafi ya ci duniyarsa, sai da duniyar ta tofar da shi ya dawo. Ya yi kuka na rabin awa, an ce an wanke shi.”

“Gafara ba lada ba ce,” ya ce. “Alheri ne. Da sai wanda ya cancanta ake ba, da ni da ke duk muna waje.”

“Hannun Mama fa?”

“Allah ya gan shi, bai kuma ce ƙaramin abu ba ne. Da ƙarami ne, da ba a kai ga gicciye ba.”

Na yi masa godiya don girmansa, na tafi. Maganar ba ta shige ni ba ko kaɗan.

Wadda maganarta ta shige ni Hajiya ce. Muna zaune a tsakar gidanta muna tsinkar zogale, na zazzage mata abin da ke cikina. Ta ce, “A wajenmu dai, abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, in ya tuba ana yafe masa. Haƙƙin ɗan'adam kuwa sai mai shi ya yafe. Amma ke mene ne naki? Mai haƙƙin ta yafe. Bi sahun uwarki ki huta.” Na ɗauki rabin farko na adana. Rabin ƙarshe na bar mata shi tare da itatuwan zogalen.

Shekara biyu Mama tana jinyarsa. Ita ke juya shi, ita ke kwashe kashinsa, ita ke ɗura masa koko da hagu, sannan ta koma gaban kasko. Na ce ta bari a nemi danginsa, ta ce danginsa mu ne. Baba kuwa ya zama wani mutum dabam. Ya yi laushi. Yana kwance yana rera waƙoƙin sujada da karkataccen bakinsa, rediyo a gefen kunne. Har ƙiba ya yi. Mutane suna zuwa jin shaidarsa, su fita suna cewa babu abin da ya fi ƙarfin Allah. In na shiga zai ce, “Sannu, uwata,” domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ni kuma in ce, “Yauwa,” in wuce. Da yana cikin damuwa wataƙila da na sassauta. Kwanciyar hankalinsa ce take ƙona ni. Shi yana cika, Mama tana zubewa.

Wata safiya ta faɗi a gefen murhu. Hawan jini, aka ce. Kwana uku ta yi a asibiti. Rana ta uku bayan azahar hankalinta ya dawo sarai, ta kira ni kusa. Babu kowa sai ni.

“In kin koma gida ki gaya wa babanki kada ya sa damuwa a ransa. Na san shi, zai ce shi ya jawo. Ki ce na yafe masa tun ban bar gadon asibiti ba wancan karon. Ki ce jinyarsa ba ta taɓa yi mini nauyi ba. Kuma ya ci abinci. Kin ji?”

“Na ji, Mama.”

“Maimaita mini.”

Na maimaita mata kalma da kalma. Kafin la'asar Mama ta cika.

Baba bai je maƙabarta ba, babu yadda za a kai shi. Yana ɗaki yana jin waƙar da aka fita da ita. Kwana uku gidan cike da masu ta'aziyya, Kirista da Musulmi, har masunta sun zo. Rana ta huɗu da hantsi gida ya yi shiru. Na dama koko na kai masa. Na zauna a kujerar da Mama ke zama, ina juya cokali don ya huce.

“Uwata,” ya ce, “kina wurin?”

“Ina wurin.”

“Ta ce wani abu a kaina?”

Da na ce masa ba ta ce komai ba, da ƙarya ce, amma ƙarama. Na yi tunanin haka a lokacin, ina sane. Ba fushi ne ya kwashe ni ba. Hankalina a kwance yake, har ina jin kurciya tana kuka a kan katanga.

“Ta ce.”

Ya yunƙura da ɓarin da ke aiki. “Me ta ce?”

“Ta ce in gaya maka ba ta yafe ba. Ta ce shekara biyun nan da take wanke ka, don idon mutane ne, kullum in ta taɓa ka jikinta sai ya tashi. Ta ce haƙƙinta yana wuyanka, za ku haɗu a can.”

Ban ɗaga murya ba. Ban daina juya kokon ba. Ya dube ni, ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan a langaɓe.

“Haka ta ce?”

“Haka ta ce.”

Ya koma ya kwanta. Can ya ce, “Ta yi gaskiya.”

Zan faɗi abin da na ji, tunda don shi nake rubutun nan. Daɗi na ji. Irin na wanda ya dawo daga tafiyar ƙafa a bazara ya tarar da randa cike. Tun ina shekara tara nake jiran in ga fuskarsa a haka. Na miƙa masa cokali, ya karɓi biyu, ya kau da kai.

Jinya ta dawo kaina. Matan majami'a da Hajiya suna duba shi da safe, ni kuma in na taso daga makaranta in zo in zauna har yamma. Babu abin da na rage masa a idon duniya. Ɗaki a share, zanen gado a wanke, magani a kan lokaci. Ana yabona a gari, ana cewa ga 'yar albarka, ta gaji uwarta. Abin da ba a gani shi ne inda nake ajiye kofin ruwa. A ɓarin da ya shanye nake ajiyewa, in fita tsakar gida in ji shi yana fama. Rediyon na ɗora shi a kan taga na ce batir ya mutu. Bai sake tambaya ba. Waƙa ma ya daina.

Wata rana ya ce, kamar mai magana da kansa, “Amma Fasto ya ce jinin Almasihu ya isa.”

Na ce, “Fasto aka ƙona?”

Ya rufe ido.

Ƙarshen wata Fasto ya kawo masa jibin Ubangiji gida, kamar yadda ya saba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan ƙaramin tebur, ya yi addu'a, ya gutsura gurasar ya kai bakin Baba. Baba ya rufe baki, ya juya fuska ga bango.

“Ban isa ba,” ya ce.

“Babu wanda ya isa. Shi ya sa ake bayarwa. Buɗe bakinka.”

“Baba Fasto, wadda na cuta ta tafi da abin a ranta.”

Fasto ya ajiye gurasar. “Wa ya gaya maka haka?”

Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da buta. Kalma ɗaya ta rage asirina ya tonu. Baba bai ko dubi inda nake ba.

“Na sani kawai,” ya ce.

Fasto ya juyo ya kalle ni. Na sunkuyar da kai kamar mai jimami. Ya koma kan Baba, ya fi awa guda yana yi masa magana. Ya ce shi ya san matar nan shekara arba'in, ba ta riƙo. Ya ce ko da a ce ta riƙe, gafarar Allah ba a bakin mutum take rataye ba, kowane zunubi Allah aka fara yi wa, in ya yafe ya yafe. Baba yana ta cewa, “Na ji, na ji.” Bakin dai bai buɗe ba. Fasto ya naɗe ƙyallensa ya tafi.

Da yamma ina canza masa riga ya ce, “Ke fa, uwata? Ke kin yafe mini?”

Na ce, “Tashi in kai ka, ruwan wankanka zai huce.”

Ya gane. Na ga ya gane.

Daga nan abinci ya fara komawa yadda aka kawo shi. Cokali biyu, cokali ɗaya, sai ruwa kawai. Ƙibar ta zube, ƙasusuwan kafaɗa suka fito. Hajiya ta yi masa farfesun kaza da hannunta, ya ce Allah ya saka, bai taɓa ba. Ina gani, kullum ina gani. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya. Na farko na ce bari gobe. Na biyu na tuna ana yabona a gari, na tuna in na faɗa zai dube ni ya ce ya yafe, da wannan laushin nasa, sai na fasa.

Mako bakwai bayan rasuwar Mama, Baba ya rasu, da hantsi, ina gaban allo ina koyar da yara haɗa baƙi. Hajiya ce a wurinsa. Da na iso ta ja ni gefe.

“Yana ta cewa a roƙa masa ita, a roƙa masa ita. Na ce, haba Malam, ai matarka ta yafe maka, ni ta sha gaya mini a tsakar gidan nan. Ya girgiza kai, ya ce maganar ƙarshe ita ce magana.” Ta tsaya ta dube ni. “Ke ce a wurinta a ƙarshe, ko?”

“Ni ce.”

Ba ta ƙara ba. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa tambayata ba. In na gaishe ta tana amsawa, amma ba ta sake ce mini ya yara, ya maigidan, ya aiki ba. Gaisuwar da a da ke kai mu har bakin lungu ta koma “Lafiya lau” kawai.

A wurin jana'iza Fasto ya yi wa'azi a kan mai zunubin da ya dawo gida. Ina bencin gaba, mata suna shafa mini baya.

Daɗin da na ji bai kai wata guda ba. Abin da ya maye gurbinsa bai zo da mafarki ko firgita ba, a hankali ya zauna, kamar ciwon haƙori. Igiyar da na murza don in ɗaure Baba ita ce ta ɗaure ni. In haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, to ni masu haƙƙi biyu ne a kaina, duka suna ƙasa. Na kashe wa ɗaya zuciya. Ɗayar na sa mata ƙarya a baki tana kabari, na ɓata abu ɗaya da ta fi kowa iyawa. Shekarar farko ina cin jibin Ubangiji don kada a yi magana. Daga baya in ranar ta zo sai in ce kaina yana ciwo.

Sai da na shekara huɗu sannan na je wurin Fasto. Ya riga ya ajiye aiki, ido ya yi rauni. Na same shi da safe a zaure yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na faɗa masa duka, har da kofin ruwa, har da rediyo. Ya ture ƙwaryar gyaɗar gefe.

“Na yi zato tun ranar,” ya ce. “Na yi ta addu'a ya zama ba haka ba ne.”

“Haka ne, Baba.”

“Ba zan ce miki ƙaramin abu ba ne. Babanki ya ƙona hannu cikin giya da fushi. Ke kin zauna da hankalinki, kin duba inda ya fi ciwo, kin sa wuƙa.”

Na ce a kai ni gaban ikilisiya. A sa mini horo, shekara ɗaya, shekara goma, in zauna a bencin baya kowa ya san dalili.

“Nasa a fili ya yi shi, gari ya sani, shi ya sa aka yi a fili. Naki in na kai gaba, abin taunawa kawai zan ba mutane. Kuma na san abin da kike nema. So kike ki sha wuya har ki ji kin wanke kanki da kanki, don kada ki shiga ta ƙofar da babanki ya shiga. Ƙofar ɗaya ce, 'yata. Babu ta masu mutunci.”

Wannan ta fi mari zafi, don gaskiya ce. Ko a cikin tubana ban so a jera ni da shi ba.

Na ce, “To shi fa? Ya mutu yana ganin an ƙi shi. Ya hallaka saboda ni?”

“Ƙaryarki ta ƙwace masa kwanciyar rai. Wannan kin yi, ba kuma za ki iya mayar masa ba. Amma ba ta da ƙarfin da za ta fizge shi daga hannun Allah. Ba ki kai nan ba.”

Ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a, hannun yana warin gyaɗa. Ya ce Allah ya gafarta mini saboda Almasihu, in tashi. Babu tulu, babu guɗa. Ya ce ranar Lahadi in je in karɓi jibi, kuma in gaya wa mijina, domin bai kamata mutum ya zauna da mace yana yabonta a kan abin da ba ta yi ba.

Na je na karɓa. Ina karɓa har yau. Akwai ranakun da na gaskata an yafe mini, akwai ranakun da nake tauna gurasar kawai don an ce in tauna.

Mijina na gaya masa wata Lahadi da yamma, yana zaune yana wanke wani ƙarfen inji da fetur a tsohon kwano. Ya saurara har ƙarshe bai ɗago ba.

“Ke ce kike ba shi koko da hannunki,” ya ce.

“Ni ce.”

Ya goge hannu. “In Allah ya yafe, ni wane ne. Ya wuce.”

Bai sake tayar da maganar ba. Yana cin abincina, muna zuwa sujada tare, bai taɓa yi mini gori ba ko da mun saɓa. Bara mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, muka ɗauko ta daga ƙauye. Na share mata ɗaki, na sayo sabuwar katifa, na nemi a rage mini darasi don in riƙa dawowa da wuri. Kwana biyu da zuwanta ya je ya ɗauko ƙanwarsa, ya ce za ta taya ni. Yarinyar tana da ladabi. Duk lokacin da na ɗauko abinci ko magani, a bakin ƙofa take tare ni ta ce, “Kawo, Anti, ki je ki huta.” In ta fita kasuwa, sai mijina ya rufe shago ya dawo ya zauna wurin tsohuwar har ta dawo. Wata biyar surukata ta yi a gidana kafin ta ji sauƙi ta koma. Ban taɓa zama da ita mu biyu ba. Bai gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.